ZAMAN IYALI: Littafin da Aka Samu Cikin Jakar Yaro

 

A watan nan wasiƙa ta zo mana daga wata uwa mai 'ya'ya biyar, wadda ta daɗe cikin Zumuntar Mata. Ta roƙe mu kada mu faɗi sunanta ko garinsu, mun kuwa yarda. Ga abin da ya faru. Ɗanta na biyu, mai shekara 19, ya zo hutu daga jami'a. Tana fid da kayan wankinsa daga jaka sai ta ga wani littafin Turanci. Turancinta ba shi da yawa, amma ta gane kalmomi biyu na farko a bangon, watau "'ya'yan Allah". Ta yi murna ƙwarai, tana tsammani littafin ibada ne. Ta nuna wa babbar 'yarta. Yarinyar ta karanta bayan littafin, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Mama, wannan fa ba na majami'a ba ne. Labarin samari ne masu son junansu."

Tun daga ran nan uwar ba ta yi barcin kirki ba. Ba ta gaya wa maigida ba, gama ta san zafin zuciyarsa. Tambayoyinta uku ne. Ta ƙone littafin? Ta kai wa fasto? Ko kuwa ta mai da shi cikin jaka, ta yi kamar ba ta gani ba?

Ba mu yi gaggawar amsawa ba. Muka nemi littafin muka karanta, muka kuma bincika labarin wanda ya rubuta shi. Cikin makon nan ne kuma muka shiga birni gaida wani tsohon abokin aikinmu, kuma hirar da muka yi da shi ta taimake mu.

A zauren wani aboki a Kabara

Abokin nan Musulmi ne, mun yi koyarwa tare shekaru da yawa, yanzu ya yi ritaya yana zaune a gidan gadonsu a unguwar Kabara, kusa da gidan Sarkin Kano. Wanda ya san Kano ya san Kabara unguwar tawada da takarda ce. Sunanta ya fito daga Kabara ta bakin kogi kusa da Tambutu, inda Malam Umaru Kabara ya taso ya zo ya zauna Kano. Daga zuriyarsa ne aka sami Shehu Nasiru Kabara, shugaban Ƙadiriyya, wanda ya rubuta littattafai masu yawa kafin rasuwarsa a 1996. A irin wannan unguwa ba a raina littafi. An san yana gyara mutum, an kuma san yana iya juya shi.

Bayan gaisuwa muka ba abokinmu labarin wasiƙar, ba tare da suna ba. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai tsoron littafi a hannun yaro ba yau aka fara shi ba. Ka manta da littattafan soyayya?"

Ba mu manta ba. Daga wajen 1980 zuwa gaba matasan Kano, mata da maza, suka shiga rubuta ƙananan littattafan Hausa suna bugawa da kuɗinsu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka fid da ita daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, kana Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Malam Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. 'Yan mata suka riƙa karɓar haya suna karantawa a ɓoye. Mu malamai muka riƙa ƙwacewa a aji. Aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga baya ta sa hannu har cikin sha'anin littattafai. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a.

Abokinmu ya ce abin da ya fi damunsa yanzu shi ne, da yawa cikin littattafan da ya ƙwace suna maganar auren dole ne, da kishiya, da uban da ya watsar da 'ya'yansa. Yarinyar da ya ƙwace wa littafi wataƙila labarin gidansu take karantawa, shi kuwa bai taɓa tambayarta ba. Sa'an nan ya nuna mana jikarsa can tsakar gida, ta sunkuyar da kai bisa waya. Ya ce, "Ga shi yanzu littafin ya koma cikin waya. Me zan ƙwace, me zan ƙone?"

Muka fito daga Kabara muna tuna maganar nan. Auren dole dabam ne, abin da ke cikin littafin da uwar nan ta samu kuma dabam ne. Amma a wuri ɗaya sun haɗu: yaro yana neman takardar da za ta faɗi abin da bakinsa ya kasa faɗa a gida.

Wane ne ya rubuta littafin?

Mutane da yawa suna zaton irin wannan rubutu daga Turai kaɗai yake fitowa. Wanda ya rubuta wannan ɗan Nijeriya ne, kuma a nan Kano aka haife shi a 1995. Sunansa Arinze Ifeakandu, asalin iyayensa Ibo ne. Ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. A 2015, yana ɗan makaranta, wata mujallar adabi ta birnin New York mai suna A Public Space ta zaɓe shi cikin sababbin marubutan da za ta taimaka wa. Ta buga wani gajeren labarinsa mai suna God's Children Are Little Broken Things, watau 'ya'yan Allah 'yan ƙananan abubuwa ne masu tsaga a jikinsu. Labarin waɗansu samari biyu ne 'yan jami'a, da ƙaunar da ta shiga tsakaninsu, da tsoron da ya biyo baya.

A 2017 labarin ya shiga cikin biyar na ƙarshe a gasar Caine, wadda ake yi domin gajerun labarai na marubutan Afirka. Wani marubucin Sudan, Bushra al-Fadil, shi ya ci gasar a shekarar, amma sunan yaron Kano ya fita duniya, bai kuwa wuce shekara 22 ba. Daga nan ya tafi Amurka, ya shiga shahararriyar makarantar koyon rubutu ta Jami'ar Ayowa. A 2022 ya tattara labarai 9 ya fitar da su littafi guda da sunan wancan labari na farko. Shi ne littafin da aka samu cikin jaka. A 2023 littafin ya ci kyautar Dylan Thomas, wadda Jami'ar Swansea ta ƙasar Wales take bayarwa ga marubucin da bai wuce shekara 39 ba. Kuɗin kyautar fam 20,000 ne.

Mun karanta littafin, za mu kuwa faɗi gaskiya. Ba na ƙananan yara ba ne, gama akwai wuraren da aka faɗi al'amuran ɗaki a fili. Amma wanda ya buɗe shi yana neman batsa kaɗai zai tarar da wani abu dabam ya fi yawa, watau kaɗaici. Mutanen cikin labaran 'yan Nijeriya ne irin waɗanda muke gani kowace rana, 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da ma'aikata. Kano ma tana ciki. Akwai iyaye, akwai addu'a, akwai abinci a kan wuta. Kusan kowa a ciki yana ɓoye wani abu ga wanda ya fi ƙauna, yana auna kowace kalma kafin ta fito.

Wata hanya kuma daga Aba

Tun da yake 'ya'yanmu ba littafi ɗaya suke karantawa ba, ya kamata iyaye su san wani suna kuma, Akwaeke Emezi. An haifi Emezi a Umuahia a 1987, uba Ibo, uwa 'yar ƙabilar Tamil daga Malesiya, aka yi girma a Aba, kana aka tafi Amurka karatu a shekara 16. Emezi sun bayyana cewa ba su ɗauki kansu namiji ko mace ba, sun kuma nemi a riƙa ambatonsu da kalmar jam'i. A Hausa ma akan ce wa mutum ɗaya "su", saboda haka za mu bi hakanan.

Littafinsu na farko, Freshwater, ya fito a 2018. An gina shi bisa rayuwarsu da kuma abin da Ibo suke kira ogbanje, wanda ya yi kusa da abin da Hausawa suke kira ɗan wabi, yaron da aka ce yana zuwa yana komawa. A 2019 suka fitar da Pet, littafin da aka rubuta musamman domin matasa, ya kuwa kai zagayen ƙarshe na babbar gasar littattafai ta ƙasar Amurka a sashen matasa. A 2020 sai The Death of Vivek Oji. A 2021 suka rubuta tarihin rayuwarsu a siffar wasiƙu zuwa ga abokai da dangi, suka sa masa suna Dear Senthuran.

Biyu daga cikin waɗannan sun tsaya mana a rai. A cikin Pet akwai wani gari inda manya suka gaya wa yara cewa an kawar da dukan dodanni, babu sauran mugu. Jarumar labarin, wadda aka ɗauke ta namiji ran haihuwa amma take rayuwa a matsayin yarinya, ta gano akwai mugu a gidan abokinta. Wani babba ne cikin dangi, wanda kowa yake girmamawa, yake cutar ƙaramin yaro. Manya ba su gani ba domin sun riga sun yanke cewa irin wannan ba ya faruwa a garinsu. Ko mutum bai yarda da Emezi a kan kome ba, wannan gargaɗi ya shafe mu. Gidaje nawa ne cikin ekklisiya aka rufe bakin yaro domin a tsare sunan babba?

Labarin Vivek Oji kuwa ya soma ne da mutuwa. Uwa ta buɗe ƙofa ta tarar da gawar ɗanta tilo an ajiye mata. Sauran littafin ita ce take bin abokansa ɗaya ɗaya tana tambaya, har ta gane kowa ya san ɗanta sai ita da ubansa. Labari ne ƙagagge, amma uwa ba za ta karanta shi idonta ya bushe ba.

Abin da muka koya

Marubutan nan biyu ba daga sama suka faɗo ba. Sun sha ruwan ƙasar nan, sun zauna a bencin makarantunmu. Dukansu sun soma rubutu da ƙuruciya, dukansu kuma a ƙasar waje aka fara buga littattafansu ana ba su kyauta. Abin da ake jin nauyin faɗa a tsakar gida, baƙi can nesa suka zauna suka saurara. Wannan ya isa ya sa iyaye su yi tunani.

Mun san koyarwar da yawancin ekklisiyoyin Nijeriya suke riƙe da ita a kan aure, cewa tsakanin namiji da mace ne. Uwar da ta rubuto ta san wannan tun tana makarantar Lahadi, ba shi ta tambaye mu ba. Ta tambaye mu yadda za ta yi da ɗanta ne, kuma a nan akwai haɗarin da ya kamata kowa ya sani.

A watan Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a fili. A Kano da sauran jihohin da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, hukuncin da aka rubuta ya fi haka tsanani. Amma sau da yawa magana ba ta kai gaban alƙali. A watan Fabrairu 2014, a unguwar Gishiri ta Abuja, taron mutane suka bi gida gida da dare suna jawo samari suna dukansu bisa zargi. Akwai kuma 'yan damfara masu yaudarar samari ta waya, su kai su wani lungu, su yi musu duka, su ƙwace kuɗi, suna barazanar tona musu asiri. Wanda aka yi wa haka ba shi da bakin kai ƙara.

Mu Kiristocin Kano mun san abin da taron fushi yake nufi. Waɗanda suka ga 1991 da 2004 ba sa bukatar a yi musu bayani. Mun san yadda mutum yakan ɓoye sunansa domin ya tsira, mun kuma san maƙwabtan kirki, Musulmi, da suka ɓoye mu cikin ɗakunansu. Bai dace mu da muka sha wannan mu zama masu miƙa ɗan cikinmu ga taro ba. Kalma ɗaya da uba ya faɗa da ƙarfi cikin fushi, maƙwabta suka ji, tana iya zama sanadin ran yaro. Ku tuna cikin Yohanna sura 8, sa'ad da aka kawo wata mace gaban Yesu ana shirin jifanta. Kafin ya yi mata wata magana, sai da ya sa duwatsun suka faɗi ƙasa.

Akwai kuma masu yi wa iyaye alkawari cewa da duka, ko ɗauri, ko azumin dole za su sāke yaro cikin mako guda. Ku yi hankali da su. A Amurka an yi wata babbar ƙungiyar Kirista mai suna Exodus International, wadda aka kafa a 1976 da nufin sāke irin waɗannan mutane. A 2013 ta rufe ƙofarta, shugabanta Alan Chambers kuma ya fito ya nemi gafarar waɗanda aikin ya cuta. Mutanen da suka yi shekara 37 suna wannan aiki ke nan. Sanda takan koya wa yaro ɓoyo da ƙarya, ba ta shiga zuciya.

Amsarmu ga Mama

Mama, ga shawararmu, muna kuwa ba da ita da tawali'u.

Na ɗaya, kada ki ƙone littafin. In kin ƙone, zai same shi cikin waya kafin toka ta huce, abin da zai koya kuwa shi ne kada ya ƙara barin kome inda za ki gani.

Na biyu, kada ki yanke hukunci tun ba ki ji ba. Karanta littafi ba shaida ba ce. Mai yiwuwa ne malaminsu na adabi ya sa su, ko ya ji an ce ɗan Kano ya ci babbar kyauta ya so ya gani, ko wani abokinsa ne yake cikin damuwa. Mai yiwuwa ne kuma maganar ta shafe shi shi kansa. Ba za ki sani ba sai daga bakinsa.

Na uku, ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ba gaban ƙannensa ba. Ki gaya masa gaskiya cewa kin ga littafin sa'ad da kike fid da wanki. Ki tambaye shi abin da ke ciki da abin da ya gani game da shi. Sa'an nan ki yi shiru ki saurara, ko da abin da kike ji ya yi miki nauyi. In bai ce kome ba ran nan, kada ki matsa. Ya isa ya san ƙofa a buɗe take.

Na huɗu, ki riƙe bakinki, ki kuma roƙi 'yarki ta riƙe nata. Ciki ba domin tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada maganar ta zama abin roƙon addu'a a taron mata, gama kin san yadda irin wannan roƙo yakan zaga gari kafin Lahadi. In kina bukatar mai ba ki shawara, ki zaɓi mutum ɗaya, fasto ko dattijuwa, wanda kika tabbata yana da riƙon asiri da tausayi. Maigida kuwa yana da hakkin sanin halin ɗansa, amma ki fara jin ta bakin yaron, ki zaɓi ranar da zuciya take kwance, ki kuma nemi alkawari cewa ba duka, ba kora.

Na biyar, kome ya gaya miki, ki ce masa shi ɗanki ne, ɗakinsa yana nan, tuwonsa yana nan, kuɗin makarantarsa kuma ba za a tsayar ba. Faɗin haka bai hana ki riƙe bangaskiyarki ba, bai kuma hana ki gaya masa abin da kike gani daidai ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora daga gida ba ya daina zama abin da yake, sai dai ya rasa mai yi masa faɗa da mai yi masa addu'a, ya faɗa hannun duk wanda ya ba shi wurin kwana.

Ga iyaye maza kuma muna da kalma. Manzo Bulus, cikin Afisawa sura 6, bayan ya umarci 'ya'ya su yi biyayya, ya juya ga ubanni ya gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Yawancinmu mun haddace rabin farko mun bar na biyu. Ku tambayi kanku yau: in ɗana yana da maganar da take ci masa rai, kowace iri ce, zai iya kawo mini ita? In amsar a'a ce, aikin gyara yana wuyanmu tun kafin wani littafi ya shigo gida.

Sa'ad da muke sallama da abokinmu a Kabara, ya raka mu har bakin titi. Ya ce da zai koma aji yau, kafin ya ƙwace littafi zai fara tambayar yarinyar inda ta kai cikin labarin, da abin da ya sa take kuka. Shi ya makara, ɗalibansa sun zama kakanni. Ke Mama ba ki makara ba, ɗanki yana gida har ƙarshen hutu.

Za mu riƙa tunawa da ke da shi cikin addu'a. In kin ga dama ki sāke rubuto mana, ba za mu buga ba sai da izininki. Sauran masu karatu da suke da tambaya a kan zaman gida da renon 'ya'ya su aiko, asirinsu a rufe yake.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Alherinsa ya kasance tare da gidajenku duka.